Gonata a Bayan Masallacin Ka'akiyya

An koro ni daga Makka saboda kuɓewa, kuma duk mai jiran ya ji na ce na yi nadama, to ya nemi wuri ya zauna, zai daɗe.

Sunana Tasalla. Tun ina yarinya abin da na sani shi ne noman gonar wani. Ubana ɗan ƙwadago ne, mijin da na aura ma haka. Mu ne shuka, mu ne maimai, mu ne girbi, amma idan aka ɗaure dami sai a nufi rumbun da ba namu ba. Shekarar da wani mai hali ya zagaye fadamar garinmu da waya, har ƙwadagon ma ya ƙare, ni da maigidana muka kama hanyar gabas. Kada a tambaye ni yadda muka rabu da gida, ba na son tuna shi.

Zangonmu na farko bakin tafkin Chadi ne. A can na fara ganin talaka ya shiga ƙasa bai ce wa kowa gafara dai ba. Ruwa yana ja da baya, mutane suna bin sa da buhun iri, inda laka ta bayyana nan za ka soka masara da wake. Ba huɗa, ba taki. Dabararsu ita ce ka shuka abin da zai nuna da wuri, ka kwashe kafin masu cewa nasu ne su farga. Muka shiga cikinsu. Masara ta yi goyo gwanin sha'awa, sai ga wani mutum da ƙaton rawani da 'yan rakiya masu bindiga, wai shi ne wakilin mai wurin. Wurin da watannin baya kifi ke iyo a kansa! Na ce masa, "Malam, ashe shi ma ruwan aron wurin kuka ba shi?" Maigidana ya taka mini ƙafa. Suka loda abin da suka ga dama a amalanke, suka bar mana wanda zai kai mu gaba.

Gaban ita ce Sudan, kuma a nan muka daɗe. Mun zauna a kambo, wato zangon 'yan ƙwadago da ake kafawa a gefen gonakin auduga, bukkokin kara da tsumman buhu a bakin magudanar ruwa. Akwai Hausawan da kakanninsu suka taho da niyyar hajji guzuri ya ƙare musu a nan, ga jikokinsu har yau suna cirar auduga, ba su da ko taku ɗaya na ƙasa. Su kuma nasu salon daban ne. Ba sa shiga fili ɗaya-ɗaya. Sai su haɗa baki, a wayi gari kambo guda ya tashi ya sauka a kan filin da aka bari ba noma, mata da tukwane, tsofaffi da tabarmi, a jera duwatsun masallaci tun kafin a kafa bukka. Suna cewa korar mutum ɗaya ba wuya, amma korar gari da masallacinsa sai an zauna shawara. Idan wani kambon ya ji, shi ma sai ya yi. Wasu an ƙyale su, wasu an ƙone musu bukkoki. Mu namu ƙonewa aka yi.

A shekarar ne zazzaɓi ya kwantar da maigidana, bai tashi ba. Maza suka ɗauke shi zuwa maƙabartar ƙauyen da muka yi wa noma shekara da shekaru. Ina zaune cikin mata ana yi mini gaisuwa, sai na hango su sun dawo da makarar yadda suka tafi da ita. Wai maƙabartar ta 'yan gari ce. Jama'a, rami fa! Ramin da bai wuce tsawon mutum ba. A gefen magudanar ruwa aka binne shi, daidai inda tarakta ke juyawa. Ban yi kuka a gabansu ba, wallahi ban ba su wannan ba. Amma ranar na ƙudurta a raina, kafin a sa ni a ƙasar aro sai na tsaya a kan wadda zan ce tawa ce.

Daga nan na ce tunda hanyar Makka muka biyo, bari in ƙarasa ta. Wani dillali mai zaƙin baki ya tara mu a bakin teku, ya karɓe ɗan abin da muka tara, ya ce mu jira zai je ya taho da takardu. Har yau yana tahowa. Yadda na haye ba zan faɗa dalla-dalla ba, don akwai bayin Allah da ke bin hanyar har yanzu. Abin da na riƙe shi ne wata Bahabashiya da ba ma jin yaren juna, wadda ta tallabe mini kai a cikin kwale-kwale ina ta amai, tana sa mini ɓawon lemun tsami a hanci. Ko sunanta ban sani ba, amma kullum tana cikin addu'ata.

Da na ga Ka'aba, kukan da na hana mutanen ƙauyen Sudan ɗin nan gani ya zo mini gaba ɗaya. Na yi shi har na gode Allah. Bayan nan kuma sai zaman duniya, don ciki ba ya jiran kowa. Na samu ɗaki a Ka'akiyya, can gefen gari inda haya take da sauƙi, ni da wata Hawwa, haifaffiyar kambo da muka san juna tun Sudan. Kullum mu je babbar kasuwar kayan miya, mu tsince tumatir da albasar da suka bugu, mu kasa a bakin hanya. Ido ɗaya a kan kaya, ɗaya a kan titi, domin ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma duk wanda askarawa suka kama babu ita sai tarhil, a tusa shi jirgi a mai da shi ƙasarsu.

Makka garin dutse ne. Duk inda ka duba dutse, inda ba dutse ba siminti. Kewar gida ba ta kama ni ta wajen tuwo ba, tuwo akwai shi a Makka har da na sayarwa. Ƙanshin ƙasa nake nema, irin na ranar da ruwan fari ya sauka. Hannuna ya riƙa yi mini ƙaiƙayi, har sai in tsinci kaina ina murza ƙasar da ta maƙale a jikin dankali ina shinshinawa.

A wajen tallan nan na san Ummu Faisal. A unguwar Zahir ta nan Makka aka haife ta, kakarta ce ta zo daga Kano, ita kuwa 'yar ƙasa ce da takardunta. Hausarta rabi da rabi ce, 'ya'yanta ma ba sa ji sam. Ta tsaya kan kayana ta ce, "Ya hala, ba ki da yakuwa? Wallahi daga sitti ta rasu ban sake shan miyarta ba." Hala inna ke nan a bakinsu, sitti kuma kaka. Na ce ina ni ina yakuwa a kan dutse? Daga ranar ta riƙe ni. Da ciwon ƙafa ya kwantar da ni ita ta kawo magani, idan kuma kame ya yi zafi sai ta turo mota a kai ni gidanta in kwana biyu.

To a bayan ɗan masallacin unguwarmu, gindin dutse, akwai wani fili da aka mayar juji. Tsofaffin tayoyi, fasassun tayil, ɓaraguzan gini. Wata rana na bi ta nan don in yanke hanya, sai na ga tumfafiya ta yi kore shar. Na bi ta da ido har na gano dalili. Ruwan alwalar masallaci ne ke fitowa ta wani bututu yana tsiyaya a wurin, salla biyar, kullum. Na tsuguna na damƙi ƙasar, na ji ta da laushi da sanyi. Na ji kamar na ga wani nawa.

Na tambayi filin waye, aka ce na wasu magada ne da ke zaune a wani gari, suna jiran ƙasa ta yi tsada, ba wanda ya taɓa ganin ƙeyarsu. Na ce madalla, su yi ta jira. Na je wurin wani mai walda ɗan Pakistan, na zana masa fartanya da yatsa a ƙasa. Ya yi dariya, ya yanko bakin tsohon shebur ya ƙera mini, ya ƙi karɓar komai. Irin kuɓewa Hawwa na da shi ƙulle a leda tun Sudan, yakuwa da rama kuma na roƙa wajen masu zuwa umara. Taki kuwa ga kasuwar dabbobi nan kusa, kashin tumaki har roƙon ka ake ka kwashe.

Hawwa ta ce, "Tasalla, kanki ɗaya kuwa? Ke da ake nema ki ɓuya, za ki fito fili ki yi goho kina noma?"

Na ce, "Shekara nawa ina yi wa wasu gohon? Bari in yi wa kaina, in an kama ni a kama ni da dalili."

Ni kaɗai na fara. Da an idar da asuba sai in fito, in kwashe ɓaraguzai, in sara har rana ta ɗaga. Tumfafiyar ban taɓa ta ba, don malamai sun ce abin da ya tsiro da kansa a cikin harami ba a cire shi, sai na zagaye ta da kunya. Ina cikin haka wata safiya na ji murya a bayana.

"Ɗiyata, wa ya koya miki kunya haka? Wagga ai sai ruwa shi gudu."

Baba Mamman ne, wani tsoho Basakkwace mai gyaran takalma a ƙofar masallaci. Ya zo Makka tun yana da ƙarfinsa, a nan ya yi aure, a nan ya haifi 'ya'ya har da jikoki. Balaraben da ya tsaya masa ya rasu, iƙamarsa ta mutu tare da shi, don haka shi ma a ɓoye yake kamar ni. Na ce, "Baba, bakin ne ke noma a Sakkwato, ko hannu?" Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya karɓi fartanyar. Sara uku ya yi na ga hawaye na bin gemunsa. Na ba shi wuri.

Kafin wata ya zagayo mun zama jama'a. Akwai wani Badamagare mai wankin mota, akwai matan Barno, akwai 'yan kambo irin Hawwa. A lokacin ne ƙanena Sale ya turo mini saƙon murya daga gida. Ya ce, "Yaya, kin tuna fadamar da aka sa wa waya? Mutumin bai taɓa shuka ko gyaɗa ba. To bana mun shiga. Mata muka sa gaba da ƙoren iri suna waƙa, mu muna biye da garma. Ƙauyen gaba sun ji sun shiga tasu, yanzu har daga wata jiha ana aiko mana a ji yadda muka yi." Wayata ta sha yawo hannu zuwa hannu ana jin saƙon. Kowa ya ji sai ya ce ai su ma can wajensu an fara, sai gardama ta tashi kan yadda ya kamata a yi. Matan Barno suka ce a shuka mai saurin nuna a kwashe. 'Yan kambo suka ce a taru da yawa yadda korar za ta yi nauyi. Badamagare ya ce su rami-rami suke tonawa a ƙasar da kowa ya raina, su zuba taki, kafin a lura ta farfaɗo. Na ce duk a yi, filin ya ishe mu.

Ranar wata Juma'a muka yi gayya, irin ta gida, kowa ya zo da hannunsa ba lada sai abinci. Hawwa ta dama kunun gyaɗa, Ummu Faisal ta zo da tire na shinkafa, sanye da abayarta mai tsada, ta tsaya tana ɗaukar mu hoto tana cewa, "Masha Allah, masha Allah." Ladanin masallacin, wani ɗan Burma mara magana, ya tsaya ya kalle mu ya koma. Washegari muka tarar an ɗaura wa bututun doguwar tiyo har tsakiyar fili. Bai ce shi ne ba, mu ma ba mu tambaya ba. Aka yanka wa kowa fangalinsa, nawa shi ne na farko a bakin ruwa, kuma ba wanda ya yi mini musu.

Kai, ƙasar nan ashe jira take! Kuɓewa ta kai mini ƙugu, yakuwa ta yi ja, rama ta miƙe, kabewa ta bi ta kan tayoyin da muka jera a iyaka. Mata daga unguwannin Zahir da Shisha suka riƙa zuwa a tasi don su gani da idonsu, su ƙulle ragowar irinmu a bakin mayafi su tafi. Ba a jima ba muka ji wata ta fara a bayan gidansu da ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, wata kuma a wani kangon. Ni kuwa da safe sai in tsaya a tsakiyar kuɓewata in yi ta kallo. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa jin daɗi irin wannan ba.

Ranar da za a fara tsinka ne Baba Mamman ya ɗaga hannu.

"Kowa shi dakata. Ba mu sa ko ɗaya baki sai mai ƙasa ya gani. Haka munka taras. In ka noma ƙasar mutum, nunan fari kai mishi a ka yi, shi sa albarka. Daga nan kun zama 'yan'uwa, kunya ba ta barin shi kore ka."

Na ce, "Baba, mutum yana barcinsa, kai kuma za ka je ka tashe shi da kuɓewa?"

"Mu ba ɓarayi ba ne, ɗiyata. Ga ɗakin Allah nan kusa. In ci abin ƙasar mutum bai sani ba, in je in yi ɗawafi da shi a ciki?"

Na ce ƙasar da aka mayar juji mu muka raya ta, kuma na ga masu ƙasa a Chadi, na gan su a Sudan, ban ga wanda kunya ta hana shi komai ba. Hawwa ta goyi bayana. Ummu Faisal ma ta ce, "Ya ammi, baffana, nan ba haka ba ne. Nan idan mai fili ya ga kore a filinsa, tsoro yake ji, zai ce kuna so ku ɗora hannu ku ce naku ne." Baba ya ce to ai shi ya sa za a je, ya gani da idonsa cewa mu masu ladabi ne. Na duba fuskokin mutane, na ga maganarsa ta shige su. Duk 'ya'yan ƙauye ne, kowa ya taɓa bin ubansa da dami a ka zuwa ƙofar mai gona. Aka rinjaye ni. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na ce in dai za a kai, to ni zan ɗauki kwandon, don mafi yawan abin da ke ciki daga fangalina ya fito, ba za a kai kuɓewata gaisuwa ba na nan ba.

Mijin Ummu Faisal ya binciko mana ofishin wakilin magadan a Shisha. Muka shiga tasi mu uku har da Ummu Faisal, Baba ya sha farar jallabiyarsa ta Juma'a, ni da kwando a cinya, kuɓewa da yakuwa da rama, da ƙatuwar kabewa a sama. Na shiga da kwandon a ka, ofis sanyi kamar cikin randa, sai ƙamshin turare. Wakilin ya tarbe mu da fara'a, ya sa aka kawo shayi. Ummu Faisal ta yi masa bayani, ni ma ina tsintar Larabcin da na koya a kambo. Abin da na fara ganewa shi ne mutumin nan bai ma san wane fili ake magana ba. Sai da ya yi ta latse-latse a kwamfuta, sannan ya juyo mana da allon, ga hoton unguwarmu daga sama, ga masallaci, ga juji.

Ya ce, "Nan?"

Baba ya dangwala yatsa yana murna. "Nan ne, ranka shi daɗe. Yanzu in ka gani ba ka gane shi."

Wakili ya ce masha Allah. Ya shafa kabewar, ya ce Baba ya riƙe kwandon ya ɗauke shi hoto don ya tura wa magada. Baba ya gyara hula ya washe baki. Da muka fito ya ce mini, "Kin gani, ɗiyata? Mutumin kirki." Na ce, "Baba, kai bakinsa ka kalla, ni idonsa na kalla."

Ba a yi mako ba suka zo, da hantsi, muna cikin ban ruwa. Shiyol a gaba, wato ƙatuwar motar nan mai ture ƙasa, motar wakili a tsakiya, ta askarawa a baya. Kafin ka ce me, fili ya watse. Badamagare ya haye dutse, matan Barno suka bi lungu, Hawwa ta fizgi hannuna muka zagaya bayan bangon masallaci, inda wata 'yar hanya ke ɓullewa cikin gidaje. Da na bi ta da yanzu ina Makka.

Baba Mamman bai gudu ba. Ƙafar gudun ma babu, kuma har lokacin bai yarda korarmu aka zo yi ba. Na leƙo na gan shi ya nufi wakili da hannu biyu zai gaishe shi. Wakili ko kallon hannun bai yi ba, ya ɗaga waya ya nuna wa askar hoton, ya nuna Baba. Matar Baba ta fito da jikoki sun tsaya jikin bango, ta ɗora hannu a ka. Direban shiyol, wani ɗan Bangladesh, ya dubi shukar, ya kashe mota ya sauko, ya buɗe inji yana ta taɓe-taɓe wai wani abu ya lalace. Ina ganinsa na san ɗan manoma ne. Ummu Faisal, da wani ya kira ta a waya, ta iso a gigice, ita da matan da ke da takarda suka faɗa cikin kuɓewa suna karyar ƙosassun da muka bari na iri suna turawa a abaya.

Sai na ji askar ya tambayi Baba da ƙarfi, "Kai ne mai gonar?"

Hawwa tana ja na tana cewa, "Ki taho, don Allah ki taho." Na san abin da ke gabana sarai. Tarhil ne, ba sauran ɗawafi, ba sauran ganin Ka'aba, wataƙila har in mutu. Kuma kada wani ya ce tausayin tsoho ne kawai ya dawo da ni. Tausayin yana nan, mutum mai jikoki a raba shi da su a kai shi ƙasar da ba wanda ya san shi. Amma abin da ya juyo da ƙafata kishi ne. Mai gona? Baba Mamman? Yana ina lokacin da nake kwashe fasassun tayil da hannuna har suna yanka ni? Yau da hukuma da kanta ta zo tana tambayar mai gona, a ba wani?

Na fizge hannuna. Na ratsa ta tsakiyar fangalina, ban bi ta gefe ba, na tsaya a gaban askar.

Na ce, "Tawa ce."

Askar ɗin ya dube ni sama da ƙasa. Ba mugu ba ne, na ga alama. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ya hajja, tafi gida. Ba da ke ake ba."

"Da ni ake. Gonar tawa ce."

Wakili ya ce ƙarya ne, tsohon nan ne ya zo ofishinsa, ga hoto. Na ce, "Wa ya shigo maka da kwandon a ka? Shi ko ni?" Baba ya kamo bakin mayafina. "Ɗiyata, yi shiru. Ni na jawo, bari in tafi da abina."

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, kai gayya aka yi ka zo. An ba ka kunu ka sha. Koma wajen takalmanka."

Askar ya ce, "Kin san abin da kike faɗa? Ina iƙamarki?"

"Ba ni da iƙama. Gona nake da ita."

Askar ya juya ya tambayi ladani wa ya fara noman wurin nan. Bawan Allah ya daɗe yana kallon ƙasa. Na ce, "Faɗa masa gaskiya, kai mai kiran salla ne." Sai ya ɗaga hannu ya nuna ni. Askar ya yi wa Baba alama ya tafi, matarsa ta zo ta janye shi yana waiwaye. Ummu Faisal ta rungume ni tana kuka tana cewa, "Ya hala, lesh, lesh? Me ya sa?" Na ce ta bar kukan, ta kula da irin da ke cikin abayarta, ta raba wa matan Zahir da na Shisha, kada ta bari ya sha damshi.

Wakili ya daka wa direba tsawa, shiyol ta tashi. Aka buɗe mini bayan mota na shiga da ƙafata, ba wanda ya taɓa ni. Ta taga ina kallo bakin ƙarfen ya shiga fangalina, kuɓewa tana kwanciya layi-layi, ƙanshin ɗanyar ƙasa ya taso har cikin motar. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba, kamar ana sarar naman jikina. Amma ban kau da kai ba, na kalla har ƙarshe.

Askar ya shigo gaba, ya ɗauki wayar aikinsa yana ba na sama da shi rahoto. Na ji ya ce an gama, ba a samu matsala ba, kuma sun taho da mai gonar.

Na buga ƙarfen da ya raba mu. Ya waiwayo.

Na ce, "Da wa kuka taho?"

Ya ce, "Da ke mana."

"A'a. Yadda ka faɗa masa. Sake faɗa."

Ya dubi abokin aikinsa, suka yi 'yar dariya, suna ganin tsohuwa ta zautu. Ya ce, "Mai gonar."

Na gyara mayafina, na jingina da kujera, na ce wa direban ya ja mu tafi.